Sakin talala ma sai da turke

Assalamu alaikum Gwaggo. Daga Daura nake rubuto maki, kuma don Allah a sakaya sunana. Ƙanena da muke ciki ɗaya yana gidan yari tun 2019. Direba ne, an kama shi da ƙwayoyi cikin kayan da ya ɗauko, Babbar Kotun Tarayya ta yanke masa shekara 15. Ba zan ce maki sharri aka yi masa ba, shi da bakinsa ya ce ya san abin da ke cikin buhunan. A ciki ya koyi ɗinki, ya sauke Alƙur'ani, ba a taɓa kama shi da wani laifi ba. Zuwana na ƙarshe, jami'in da ke kula da walwalarsu ya ce mani akwai yiwuwar a sa shi cikin waɗanda za a nema wa sakin talala, wato a sake shi da sharaɗi kafin wa'adinsa ya cika, amma sai an san inda zai zauna da wanda zai tsaya masa.

Mahaifiyarmu ta daɗe da rasuwa, Baba kuma ya rasu shekara huɗu ke nan. Ya bar Inna, uwargidansa, da maza uku da mu mata biyu, kuma har yau ba a raba gado ba. Yaya Babba, ɗan Inna, shi ke riƙe da gidan da shaguna biyu na ƙofar gida da ake haya, ɗakin ƙanena kuma samarin 'ya'yansa ke ciki. Yaya ya rantse muddin yana numfashi ƙanena ba zai shigo ya lalata masa yara ba. Maigidana ma ya ce ba a gidansa ba, haya muke, ga abokiyar zamana da 'yammatanta. Kawunmu yana birnin Katsina, amma tun da abin ya faru bai taɓa leƙa shi ba.

Na ji a rediyo cewa a Turai gwamnati na ba waɗanda suka fito wurin kwana. Mu muna da irin wannan dokar? In babu, zuciyata na raya mani in ba da adireshin gidanmu ba tare da Yaya ya sani ba, in ya fito a san yadda za a yi. Ko kuwa in kwashi adashina, in sayar da 'yan kunnena, in kama masa ɗaki ba da sanin maigidana ba? Na daina barci, Gwaggo.

Ɗiyarki daga Daura.

Wa alaikumus salam, ɗiyata. Allah Ya jiƙan iyayenku, Ya ba ki ladan sawun da kika yi ta yi zuwa ƙofar gidan yari shekara shida, a lokacin da mazan gidan suka noƙe. Zan fara da maganar doka, ko da amsar ba za ta yi maki daɗi ba.

Abin da kika ji a rediyo yana da tushe. A Ingila akwai dokar 2017 ta rage yawan marasa matsuguni, wadda tun Oktoban 2018 ta ɗora wa gidajen yari da jami'an sa ido nauyin sanar da ƙaramar hukuma, da yardar mutum, in sun ga zai iya rasa wurin kwana cikin kwana 56 masu zuwa. A 2021 gwamnatinsu ta ƙaro wani shiri na ba wanda ya fito babu inda za shi masauki har dare 84, wato mako 12, kafin ya samu nasa. Har doka suka yi a 2023 don a iya matso da ranar sakin mutum in ta faɗo Juma'a, domin wanda aka saka ranar Juma'a yakan tarar ofisoshi sun tashi sai Litinin, kuma a wannan tsakanin ne wasu ke komawa ruwa. Amurka ma tana da dokar da Shugaba Bush ƙarami ya sa wa hannu a 2008, mai ba jihohi da ƙungiyoyi kuɗin tallafa wa waɗanda suka fito, har da batun muhalli. Duk da haka, har gobe akwai masu fitowa su kwana a titi a ƙasashen biyu. Abin ɗauka a wurinsu shi ne sun gane makonnin farko su ne mararraba, kuma wurin kwana ke kan gaba.

Mu nan babu dokar da za ki riƙe a hannu ki shiga ofis ki ce ga ƙanena, ku ba shi ɗaki ko kuɗin haya. Tsarin mulkin 1999 a sashe na 16 ya ce gwamnati ta karkata manufofinta wajen samar wa kowane ɗan ƙasa matsuguni, amma maganar tana cikin babi na biyu, wanda shi kansa tsarin mulkin ya ce ba a kai gwamnati ƙara a kansa. Irin "in sha Allahu" ɗin wanda bai yi niyyar zuwa bikinki ba ke nan.

Dokoki biyu ne suka shafi ƙanenki kai tsaye. Ta farko ita ce dokar gudanar da shari'ar laifuka ta tarayya ta 2015, kuma tunda kotun tarayya ta ɗaure shi, ita ce tasa. Sashe na 468 ya ce in an yanke wa mutum shekara 15 ko fiye, ko ɗaurin rai da rai, ya yi aƙalla kashi ɗaya bisa uku na wa'adinsa, kuma shugaban hukumar gidajen yari na ƙasa ya rubuta wa kotu cewa halinsa ya yi kyau, to kotu na iya dakatar da sauran wa'adin, da sharaɗi ko ba sharaɗi, bayan ta saurari masu gabatar da ƙara da shi ɗaurarren ko lauyansa. Sulusin 15 shi ne 5, shi kuwa ya haura 6, don haka ta fuskar lissafi ya cancanta. Amma ki riƙe kalmar "na iya". Rahoto sai ya bi matakai ya kai Abuja, masu gabatar da ƙara na da bakin cewa ba su yarda ba, alƙali kuma na da nasa ganin. Sakin talala bai zama ruwan dare a ƙasar nan ba tukuna. Kada ki sanar da dangi rana, kada ki bari shi ma ya fara ƙirga kwanaki.

Sashen ya ƙara da cewa wanda aka saka haka zai bi wani shirin gyaran hali a cibiyar gwamnati ko wadda ta dace, kuma shugaban hukumar ne zai yi tanadin kuɗinta. Wannan shi ne mafi kusa da abin da kike nema a duk dokokinmu, ko shi ma horo ne na ɗan lokaci. In kin koma, ki tambayi jami'in nan a natse: wace cibiya ce, a wane gari, kwana nawa, kuma kwana ake yi ko jeka-ka-dawo? Daga amsarsa za ki gane ko akwai abin jingina a wurin.

Ta biyu ita ce dokar da ɗan garinku, marigayi Muhammadu Buhari, ya sa wa hannu a watan Agustan 2019, wadda ta mayar da sunan gidajen yari gidajen gyaran hali, ta kuma kafa sashe na musamman mai kula da hukuncin da ba na tsarewa ba, ciki har da sa ido kan waɗanda aka yi wa sakin talala. Akwai abu guda a cikinta da nake so ki nema masa tun yanzu: takardar shaidar kyakkyawan hali da ake ba wanda ya natsu ko ya koyi sana'a a ciki, wadda dokar ta ce kada a nuna wa mai ita wariya saboda ɗaurin da ya yi. Na san mai gidan haya ba ya karanta doka kafin ya ba da mabuɗi, amma takarda mai hatimi na sanyaya zuciyar mai shakka. Kuma tun gyaran tsarin mulki na Maris 2023 jihohi sun samu ikon yin nasu dokokin kan gidajen gyaran hali, don haka ranar da ɗan majalisarku na jiha ya zo neman ƙuri'a kina da tambayar da za ki yi masa. Wannan dai maganar gobe ce, ba za ta shimfiɗa wa ƙanenki tabarma bana ba.

Gargaɗi biyu kafin in bar lauyoyi da sassansu. Za a samu mai ce maki ya san wani a gidan gwamnati, ki kawo kaza a sa sunansa cikin afuwar gwamna ta salla. Gwamna, bisa sashe na 212, laifin da aka yi wa dokar jiha kaɗai yake iya yafewa. Laifin ƙwaya da aka yi shari'arsa a kotun tarayya na Shugaban Ƙasa ne, a sashe na 175. Duk wanda ya karɓi kuɗinki da sunan afuwar gwamna, ya ci banza. In lauya kike buƙata, Hukumar Ba da Agajin Shari'a ta tarayya tana da ofis a Katsina, kuma don marasa hali aka kafa ta. Na biyu, ko sakin talalar bai samu ba, akwai rangwamen sulusi da ake yi wa mai kyakkyawan hali, abin da ya sa ake cewa shekarar gidan yari wata takwas ce. Sha biyar ɗinsa goma ce. Ko bana, ko nan da shekara uku zuwa huɗu, yaron nan zai fito da ledarsa a hannu. Tambayar inda zai kwana tana nan tafe ko Yaya Babba ya so ko ya ƙi, kuma ba a fafe gora ranar tafiya.

To, adireshin ɓoye. Kada ki yi. Dubi kalmar da kanta: talala igiya ce doguwa da ake ɗaure dabba da ita ta yi kiwo, kuma kowace talala da turkenta. Adireshin da za ki bayar shi ne turken. Can jami'an sa ido za su neme shi, can za su tambayi mai gida da mai unguwa. Ki ƙaddara sun yi sallama a zauren gidanku, Yaya Babba ya fito ya ce shi bai san da maganar ba, kuma ba a nan yake ba. Kin ɓata shaidar shekara shida da ya tara a ciki, kin sa jami'in da ya yi maki alheri a bakin ciki da tuhuma, ke da kika sa hannu kin shiga sahun waɗanda ba a yarda da maganarsu. Ko da ba su zo ba, me kike shirya masa? Ya iso ƙofar gidan ubansa da magariba, a yi cacar baki unguwa na kallo, ya juya. Ina kike jin direba zai nufa in ya juya? Tasha. Can tsofaffin abokan suke, su kuwa ba su taɓa rasa tabarmar da za su ba shi ba. Na taɓa ganin irin wannan a makwabtanmu: yaro ya fito, ya kwana uku a benci a tasha don kunyar buga ƙofa, kafin watan ya ƙare an sake kama shi.

Yanzu ga abin da wasiƙarki ta taɓa ta wuce, alhali shi ne gishirin maganar. Kin rubuta kamar ƙanenki almajiri ne da kike nema wa alfarma. Mai gida ne. Malamai sun lissafa abubuwan da ke hana mutum gado, irin su kashe wanda za a gada da bambancin addini, ɗauri ba ya cikinsu. Ranar da Baba ya cika, a ranar rabon ƙanenki ya zama nasa, yana cikin kurkuku ko yana Makka. Bari in yi maki lissafin bisa abin da kika faɗa, in dai iyayen Baba sun riga shi, kuma bayan an fitar da bashi da wasiyya. A kasa dukiyar kashi 64. Inna tana da tumuni, kashi 8. Saura 56: kowane namiji 14, kowace mace 7. Ke da ƙanenki in kun haɗa kuna da 21 cikin 64, kusan sulusin gidan da shagunan. Yaya Babba, duk da rantsuwarsa, 14 gare shi, daidai da na wanda ya ce ba zai shigo ba.

Shagunan nan kuma, shekara huɗu ana karɓar hayarsu. A kowace naira 64 da ta shiga aljihun Yaya, 14 ta ƙanenki ce, 7 taki. Mai yiwuwa ya yi gyaran rufi, ya riƙe Inna, ya biya wasu buƙatun gida, kuma adalci ne a zauna a cire abin da aka kashe don gidan. Amma abin da ya rage bashi ne a wuyansa. Kafin ki taɓa 'yan kunnenki, kuɗin hayar ɗakin da kike nema na nan a ƙofar gidanku.

Sai dai ban ce ki ɗauki wannan lissafi ki tusa ƙanenki cikin gidan da ƙarfi ba. A nan zan ɗan tsaya wa Yaya Babba, ko da ranki zai sosu. Uba ne mai samari a garin da ke kan hanyar iyaka, ya ga abin da ƙwaya ke yi wa 'ya'yan mutane, ya kuma ga ɗan'uwansa ya ɗauko ta da saninsa. Tsoronsa ba ƙarya ba ne, ko da akwai son zuciya a gauraye, kuma ina zaton akwai. Ni kaina ban ga Daura ce ta fi dacewa da ƙanenki a shekarar farko ba. Waɗanda suka ba shi kayan nan suna nan, sun san bai tona su ba ko sun ɗauka ya tona, kowanne daga ciki matsala ne. Hanyar Kongolam, bakin iyakar Nijar, na nan inda ya bar ta. Ga idon gari: kowace gaisuwa da "ashe an fito" a ƙarƙashinta. Mutum na iya mallakar ɗaki a gida, zaman cikinsa ya zame masa guba.

Wannan shi ya ba ki abin ciniki. Yaya na son kada ya shigo, ku kuna son ya samu wurin zama. A je masa da magana ɗaya: ba za a tilasta maka zama da shi ba, amma a ƙayyade rabonsa a rubuce, a yi lissafin hayar shaguna ta baya, kuma daga yau rabonsa na haya, da ladan ɗakinsa da yaranka ke ciki, su riƙa zuwa hannun wakilinsa. Ba ke za ki kai wannan magana ba. Ke ƙanwa ce, mace, kuma 'yar ɗakin da ba nasa ba, kina buɗe baki za a ce 'yan ubanci ne. Ki samu baffanku in akwai, ko aminin Baba, da limamin unguwa, in ta kama a sa mai unguwa. Kada a manta da Inna, a fara gaishe ta a gaya mata, domin sau da yawa rantsuwar ɗa a bakin uwarsa take warwarewa. Liman ya san hadisin da zai karanta masa: mutumin da aka yi wa haddin shan giya, wani ya ce Allah Ya kunyata shi, Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya hana, ya ce kada ku zama mataimakan Shaiɗan a kan ɗan'uwanku. Ita kuwa rantsuwa, in mutum ya ga abin da ya fi alheri, kaffara ake yi a wuce.

In sulhu ya ƙi, kotun shari'ar Musulunci ce ke raba gado, kuma kowane magaji na da ikon neman a raba, har ke. Ƙanenki na iya rubuta takardar wakilci ta hannun hukumar gidan, da shaidu. Ki ajiye kotu a matsayin makoma ta ƙarshe, amma ki bari Yaya ya san kin san hanyarta. Abu guda da zan ja maki kunne a kai: in Yaya ya ce to a yi wa rabonsa kuɗi ya saya a huta, kada ƙanenki ya sa hannu a kan sayarwa yana ciki. Mai neman ƙofa zai sa hannu a kan komai, a kowane farashi. Kuma dunƙulen kuɗi a hannun wanda ya shekara shida bai riƙe naira dubu tasa ba, kwana kaɗan yake yi. Ɗan abin da ke shigowa duk shekara ya fi masa amfani, ga shi kuma ya san yana da tushe a gidan ubansa.

Maigidanki bai yi laifi ba. Ƙanenki muharraminki ne ke, amma ba muharramin abokiyar zamanki ba ne, ba kuma na 'yammatanta ba, ga gida na haya. Ko malami ne ya dawo daga Madina, zamansa a tsakar gidan nan sai an yi shawara. Ki daina neman ɗaki a wurin mijinki, ki nemi ƙafarsa da bakinsa: ya raka ki wurin Kawu, ya zauna cikin masu yi wa Yaya magana. Namijin da ya ce a'a kan babban abu yakan ji nauyin ya sake cewa a'a kan ƙarami, ki yi amfani da wannan. Amma in kika kama ɗaki a ɓoye, ranar da ya ji, kuma zai ji, Daura ba ta da girman da za a ɓoye ɗakin haya, kin rasa shi, ƙanenki kuma ya zama wanda ya shiga tsakanin mata da miji. Adashinki da zinarinki naki ne, babu mai ja. Sai dai a Malikiyyar da muke bi, miji na da ikon hana kyautar da ta haura sulusin dukiyar matarsa, don haka ko ta fuskar fiƙihu ɓoyon bai tsaya da ƙafarsa ba. In an zo ana neman cikon kuɗi, ki ba da abin da ba zai karya ki ba, a fili. 'Yan kunnen ki bar su a kunnenki, akwai ranar da za a fi buƙatarsu.

Kawu nake hange. Kin ce bai taɓa leƙa shi ba, amma ba ki ce ya taɓa cewa ya yafe shi ba. Dattawa da yawa kunyar ƙofar gidan yari ce ke hana su, a tsaya a layi, a caje su, a rubuta sunansu, wani ya gan su. Ɗan ƙanwarsa ne, kuma Bahaushe ya ce hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar. Zumunta a ƙafa take: ku shiga mota ke da maigidanki ku je Katsina, kada a yi ta waya. Kuma kada ki roƙe shi ya saka shi cikin gidansa, shi ma yana da iyali, za ki sake jin wata a'a. Ki roƙe shi abu uku da zai iya: ya yarda a rubuta sunansa a matsayin mai tsaya masa, ya nemo ɗaki a unguwarsu inda zai riƙa ganinsa a masallaci, ya kuma haɗa shi da wani tela da zai zauna a shagonsa. Kuɗin ɗakin na fitowa daga rabonsa, ba daga aljihun Kawu ba, ki faɗi wannan tun farko don fuskarsa ta saki.

Mai gidan hayar a gaya masa gaskiya, Kawu da kansa, a jimla ɗaya ba tare da dogon labari ba: ɗana ne, ya yi kuskure ya biya, ni ne a tsaye. Wani zai ƙi, a nemi wani. Gara a sha ƙi uku kafin ya fito da a watso masa kaya waje bayan wata biyu don labari ya iso daga Daura. Ɗakin ma kada a kama shi can bayan gari don arha, inda babu wanda ya san ya kwana ko bai kwana ba. Ɗaki da ƙofa a kulle, mutum shi kaɗai da tunaninsa, wani kurkukun ne. Yana buƙatar inda za a aiko masa da tuwon dare, da wanda zai ce yau ban gan ka a asuba ba, da shagon da ake jiransa ƙarfe takwas.

Keken ɗinki kuma, zakka ta halatta gare shi, har daga hannun 'yan'uwansa, tunda ciyar da ɗan'uwa ba ya cikin wajibin da ke hana a ba shi. Jihar Katsina na da hukumar zakka da wakafi, a rubuta masu da shaidar liman, a kuma faɗa wa masu hali na dangi tun kafin lokacin fitar da zakkarsu. Amma kada a yi gaggawar buɗe masa shago nasa. Wata shida a ƙarƙashin wani ya fi, ya ga yayin ɗinkin yanzu, ya saba da mutane, a saba da shi.

Ki kuma shirya wa abin da zai ba ki mamaki. Ya shiga kafin a haɗa layin waya da lambar shaidar ɗan ƙasa, kafin canjin kuɗi, kafin cire tallafin mai a 2023. Layinsa ya mutu, farashin da ke kansa na kwanon masara da kuɗin mota duk sun zama tatsuniya. Makon farko a kai shi ya yi rajistar lambar in ba shi da ita, don ba layi ba asusun banki sai da ita. Zai iya zama mai saurin fushi, ko mai yawan shiru, ko ya kasa barci. In kuma ya taɓa shan abin da yake ɗaukowa, ki tambaye shi kai tsaye, a haɗa shi da likita tun kafin sha'awar ta motsa.

Saura abu ɗaya da na nema a wasiƙarki ban gani ba. Kin gaya mani abin da Yaya ya ce, da abin da maigidanki ya ce, da abin da jami'i ya ce. Shi fa? Mutum ne da ya shekara shida ana gaya masa lokacin tashi da lokacin kwanciya, kada ya fito ya tarar an gama tsara masa rayuwa ba a tambaye shi ba. A ziyara ta gaba ki gaya masa komai yadda yake, har da rantsuwar Yaya, gara ya ji daga bakinki yana da lokacin haɗiyewa. Ki tambaye shi ko zai iya zaman Katsina, wa yake so ya zama wakilinsa, da kuma su wa yake tsoron haɗuwa da su a waje. Ya rubuta wa Kawu wasiƙa da hannunsa, ya rubuta wa Inna ta ta'aziyya da neman gafara, ko da an makara shekara huɗu.

In hukumar gidan ta yarda a shigar da yadi, ki sayi shadda mai kyau ya ɗinka wa Kawu riga, ku tafi da ita ranar da za ku Katsina. Awon kuwa, ki kira matar Kawu ta aiko maki da tsohuwar rigarsa.